SHARHI: Kuɗin Kula Da Kabari A Amurka Da Yadda Iyalan Mamata Ke Haɗuwa Su Maka Kamfanonin Makabarta A Kotu

A ƙasar Amurka kabari haja ne da ake saye da sayarwa kamar fili ko rumfar kasuwa, kuma da yawa daga cikin manyan makabartun ƙasar mallakar kamfanoni ne masu neman riba. Mutum yakan sayi makwancinsa tun yana raye da lafiyarsa, ya biya lokaci guda ko kuma kaɗan-kaɗan a wata-wata, shi da kamfani su rattaba hannu a kan takardar yarjejeniya. A cikin wannan takarda akwai wani layi da ba kasafai mai saye ke tsayawa ya yi masa karatun natsuwa ba, wato layin da ke cewa an karɓi kuɗin kulawar dindindin, ma'ana za a ci gaba da kula da kabarin da harabar makabartar har illa masha Allahu. Wannan alƙawari ne, tare da yadda ake riƙon kuɗin da aka tara da sunansa, ya zama silar manya-manyan shari'o'i a kotunan ƙasar tun daga farkon shekarun 2000, inda dubban iyalai suka riƙa haɗa kai suna shigar da ƙara guda a madadinsu baki ɗaya. Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu, musamman jami'an ƙananan hukumomi, bayanin yadda lamarin yake, domin abin da muka fahimta daga waɗannan shari'o'i shi ne cewa kotu takan biya diyya ne bayan aikin gama ya gama, alhali abin da ke tsare kabari tun farko shi ne sa ido a kan asusu da kuma rajistar waɗanda aka binne.

Idan aka dubi tsarin a kan takarda, babu wani aibu a tare da shi. Dokokin jihohi da dama na Amurka sun wajabta wa duk makabartar da ke tallan kulawar dindindin ta cire wani kaso daga kuɗin kowane kabari da ta sayar, ta zuba shi a wani asusun amana da ke hannun banki ko wasu amintattu. Ba a taɓa uwar kuɗin, ribar da take haifarwa ce kaɗai ake kashewa wajen yankan ciyawa da share hanyoyi da gyaran shinge da magudanun ruwa. A jihar Fulorida, alal misali, kashi 10 cikin 100 na kuɗin kabari ake zubawa a wannan asusu, yayin da a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada mai maƙwabtaka da su doka ta ɗora kashi 40 cikin 100 a kan kabarin da ake haƙawa a ƙasa. Hikimar da ke ciki a bayyane take: wata rana makabarta za ta cika, ciniki ya tsaya cak, amma ciyawa ba za ta daina tsiro ba, haka kuma ruwan sama ba zai daina zaizaye ƙasa ba. Don haka dole ne a samu wata hanyar kuɗi da za ta rayu bayan an sayar da kabari na ƙarshe.

To amma da zarar an ɗauki alƙalami aka yi lissafi, sai a ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauka an sayar da kabari a kan Dala 2,000, aka cire kashi 10 cikin 100, wato Dala 200, aka zuba a asusu. Idan asusun yana samar da ribar kashi 4 cikin 100 a shekara, to Dala 8 ke nan rabon wannan kabari a duk shekara, kuma da wannan Dala 8 ake so a biya mai yankan ciyawa, a sayi mai, a gyara injin, a yi facin hanya, ba na shekara goma ko ashirin ba, har abada. Kabarin da aka sayar shekaru sittin da suka wuce kuwa, lokacin da farashi bai kai ko kusa da haka ba, abin da ya bari a asusun bai kai cikin cokali ba, ga kuma hauhawar farashin kaya na cin darajar kuɗin kullum. Wannan ke nan ko da ba wanda ya ci amana.

Bugu da ƙari, akwai tazara mai faɗi tsakanin abin da mai saye ya ji da kunnensa da abin da takarda ta ƙunsa. Dattijuwar da ta ji an ce kulawar dindindin, abin da zai zo mata a rai shi ne cewa idan dutsen shaidar da ke kan kabarin mijinta ya karkace za a miƙe shi, idan ƙasa ta rufta za a cike, idan rubutu ya goge za a sabunta. A mafi yawan yarjejeniyoyi kuwa, kuɗin ba na kabarinta ba ne shi kaɗai, ana haɗa shi ne da na kowa a yi hidimar harabar gaba ɗaya gwargwadon abin da ribar asusun ta iya ɗauka. Dutsen shaida galibi ana ɗaukarsa a matsayin dukiyar iyali, gyaransa yana wuyansu, sai fa idan sun biya wani kuɗi daban na kulawa ta musamman. Har ila yau akwai kuɗin haƙa kabari da rufe shi, da kuɗin girka dutsen, da na akwatin kankaren da makabartu da yawa ke tilasta a sa akwatin gawa a cikinsa don kada ƙasa ta lotsa, waɗanda sau da yawa iyali ba sa sanin ba sa cikin abin da mamacin ya biya sai ranar da gawa ke kwance tana jira. A irin wannan rana babu mai ƙarfin zuciyar tsayawa ciniki, kuma masu sana'ar sun san da haka.

Mai karatu zai iya tambaya, shin ina gwamnatin tarayyar ƙasar take? Amsar ita ce, hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya, wato FTC, tana da wata ƙa'ida da ta fara aiki a shekarar 1984, wadda ta tilasta wa kamfanonin shirya jana'iza su miƙa wa mai saye jerin farashin kowane abu dalla-dalla, kuma kada su tilasta masa sayen abin da ba ya so. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta hau kan makabartar da ba ta haɗa da sana'ar shirya jana'iza ba. Saboda haka lamarin makabartu ya rage a hannun jihohi, kowace da irin dokarta, wata ta damƙa sa idon ga hukumar bankuna, wata ga hukumar inshora, wata kuma ga wani ƙaramin ofishi mai ma'aikata ƙalilan. Kazalika a jihohi da yawa an keɓe makabartun majami'u da na hukumomin gari daga akasarin waɗannan dokoki.

A wannan giɓi ne ƙarar gayya ta samu gindin zama. Abin da muke kira ƙarar gayya a nan shi ne tsarin da ke ba mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan damar shigar da ƙara da sunan duk waɗanda abu iri ɗaya ya shafa, ko da sun kai dubu ɗari, ba tare da kowannensu ya taka zuwa kotu ba. A kotunan tarayyar Amurka doka ta 23 ta ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba ce ke tafiyar da shi, kuma gyaran da aka yi mata a shekarar 1966 ne ya ba ta siffar da aka san ta da ita a yau, jihohi kuma suna da makamantanta. Kafin ƙara ta zama ta gayya sai alƙali ya gamsu cewa mutanen suna da yawan da ba za a iya kiran su ɗaya bayan ɗaya ba, cewa tambayar da ke gaban kotu iri ɗaya ce a kansu duka, kuma waɗanda suka tsaya a gaba za su wakilci sauran bisa gaskiya. Wanda ba ya so a sa da shi yana da 'yancin zare kansa, wanda ya yi shiru kuma hukuncin ya hau kansa. Idan aka yi sulhu, ba ya aiki sai alƙali ya duba ya amince. Amfanin tsarin a fili yake: wanda aka cuce shi Dala 300 ba zai ɗauki lauyan da zai caje shi dubbai ba, amma idan mutum dubu ashirin aka yi wa irin wannan cuta, to lauyoyi da kansu za su ɗauki nauyin shari'ar bisa sharaɗin a ba su kaso idan an yi nasara.

Shari'ar da ta fara buɗe idon jama'ar ƙasar ita ce ta makabartun Menorah Gardens guda biyu na al'ummar Yahudawa da ke kudancin Fulorida, mallakar kamfanin Service Corporation International, wanda aka fi sani da SCI, mai hedkwata a birnin Hiyustan na jihar Teksas, wanda kuma shi ne mafi girma a wannan sana'a a nahiyar Amurka ta Arewa. A watan Disamba na shekarar 2001 iyalai suka shigar da ƙarar gayya suna zargin cewa an sayar da kaburbura fiye da abin da filin zai ɗauka, ana binne mutane a wuraren da ba nasu ba, ana fasa akwatunan kankare don a samu sarari, har ma an tone wasu ƙasusuwa an watsar a dajin da ke kusa. Babban lauyan gwamnatin jihar shi ma ya shigar da tasa ƙarar daban. A watan Disamba na shekarar 2003 kamfanin ya amince ya biya Dala miliyan 100 don a kashe maganar.

Ba a jima ba sai ga makamanciyarta a jihar Kalifoniya, a makabartar Eden Memorial Park da ke yankin birnin Los Anjalas, ita ma ta Yahudawa, ita ma kuma mallakar SCI. An shigar da ƙarar a watan Satumba na shekarar 2009, bisa zargin cewa ana umartar ma'aikata su farfasa gefen akwatunan kankaren da ke maƙwabtaka domin a cusa sabon kabari a tsakani. Abin lura a nan shi ne yadda lauyoyin iyalan suka gina ƙarar. Baƙin cikin da kowane iyali ya shiga ya bambanta da na wani, don haka da wuya kotu ta auna shi a ma'auni guda. Sai suka tsaya a kan abin da ya haɗa kowa, wato cewa an sayar musu da kabari da alƙawarin kulawa alhali an ɓoye musu abin da ke faruwa a harabar, kuma da sun sani da ba su saya ba. Ta haka batun ya koma na yaudarar mai saye, wanda shi ne ainihin abin da dokokin kare masu sayayya ke magana a kai. An fara sauraron shari'ar a farkon shekarar 2014, tana cikin gudana aka yi sulhu a kan Dala miliyan 80.5, ba tare da kamfanin ya amsa cewa ya yi laifi ba.

Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa, domin jaridu sukan buga babban lissafi ne kawai. Daga cikin Dala miliyan 80.5 ɗin, tsabar kuɗin da aka zuba a asusun biyan diyya kimanin miliyan 35 ne, ragowar kuwa ƙiyasi ne na darajar gyare-gyaren da kamfanin ya ɗauki alƙawarin yi a yadda yake tafiyar da makabartar. Daga tsabar kuɗin ne kuma ake fitar da ladan lauyoyi da kuɗin ɗawainiyar shari'a, kuma a irin waɗannan ƙararraki ladan lauyoyi galibi yakan kama daga rubu'i zuwa sulusi. Idan aka raba abin da ya saura a tsakanin iyalai kusan 25,000, kowa zai iya ƙiyasta abin da zai shiga hannun mutum ɗaya. Masu sukar tsarin sukan ce wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganinmu sukar tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba, domin ba don waɗannan lauyoyi sun zuba kuɗinsu na tsawon shekaru huɗu da ɗoriya ba, da babu iyali guda da zai iya ja da kamfani mai irin wannan ƙarfi, kuma gyaran da aka tilasta masa yi, ko da an zuzuta darajarsa, masu zuwa nan gaba ne za su ci moriyarsa.

Shari'o'in nan biyu sun shafi abin da aka yi wa kaburbura ne. Wanda ya shafi asusun kansa kai tsaye kuwa shi ne lamarin Clayton Smart, wani ɗan kasuwar mai da iskar gas daga jihar Oklahoma, wanda a shekarar 2004 ya sayi makabartu 28 a jihar Mishigan, sannan ya sayi makabartu da gidajen shirya jana'iza na Forest Hill a birnin Memfis na jihar Tenesi. Duk wanda ya sayi makabarta, to ya gaji iko a kan asusun amanarta, kuma a wancan lokaci babu wani bincike mai tsanani da ake yi a kan mai saye. Ashe kura aka bai wa ajiyar nama. A watan Yuli na shekarar 2006 ya fito ya shaida wa jama'a cewa Forest Hill ba za ta iya cika alƙawarin da ke cikin takardun jana'iza fiye da 13,000 da mutane suka riga suka biya ba, sai iyalai sun ƙaro kuɗi. Akasarin masu waɗannan takardu tsofaffi ne da suka yi shekaru suna tara taro da sisi don kada su bar wa 'ya'yansu nauyi. Da hukumomi suka shiga bincike, sai masu gabatar da ƙara a Mishigan suka tuhume shi a shekarar 2007 da yin sama da faɗi da kuɗin amana da suka kai Dala miliyan 70, a Tenesi kuma ana maganar kimanin miliyan 20. A shekarar 2011 ya amsa laifinsa aka yanke masa ɗauri. Kotuna sun naɗa masu riƙon ƙwarya da suka karɓi makabartun, suka kuma shiga bin bankuna da dillalan hannun jarin da kuɗin suka bi ta hannunsu, aikin da ya ci shekaru.

Abin da ya sa irin wannan sata ke daɗewa ba a gano ta ba shi ne yanayin hajar kanta. Wanda ya sayi buhun taki yakan san ingancinsa kafin kaka, amma wanda ya sayi kulawar dindindin ba zai taɓa ganin ko an cika masa alƙawari ba, domin ranar da alƙawarin zai fara aiki shi ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansa wataƙila sun ƙaura zuwa wata jiha, jikokinsa kuma ba su san inda takardar take ba. Muddin ana sayar da sababbin kaburbura, za a iya yanke ciyawa da kuɗin ciniki, harabar ta yi tsaf, alhali asusun ya zama fanko.

A shekarar 2009 kuma asirin makabartar Burr Oak da ke wajen birnin Shikago na jihar Ilinoi ya tonu. Wannan tsohuwar makabarta ce ta baƙaƙen fatar Amurka, tun zamanin da makabartu da yawa ba sa karɓar gawarsu, kuma a nan aka binne Emmett Till, yaron nan ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a jihar Misisipi a shekarar 1955. A watan Yuli na wannan shekara ta 2009 aka kama ma'aikata huɗu bisa zargin tone kaburbura aƙalla 200, suna zubar da ƙasusuwan a bayan fili suna sake sayar da ramukan, kuɗin kuma suna zuwa aljihunsu. Dubban mutane suka yi ta tururuwa suna neman kaburburan iyayensu, amma littattafan rajistar makabartar sun lalace, wasu ma babu su, ta yadda ko hukuma ta kasa ce wa mutum ga inda mahaifiyarsa take. Ƙararraki suka yi ta shigowa, sai kamfanin da ya mallaki wurin ya garzaya kotu ya ayyana cewa ya karye, wanda hakan ke nufin masu ƙara su shiga layi su raba abin da ya rage. Haka abin ya kasance a makabartar Galilee Memorial Gardens da ke kusa da Memfis, wadda aka rufe a shekarar 2014: iyalai fiye da dubu sun kai ƙarar gayya, a shekarar 2018 aka ɗora alhakin a kan makabartar, aka wanke kamfanonin jana'izar da suka kai gawarwakin, alhali makabartar ba ta da abin biya. Hukunci a kan wanda ba shi da ko anini, takarda ce kawai.

Abin da ya fi amfani da ya fito daga Burr Oak ba daga kotu ya fito ba. A farkon shekarar 2010 jihar Ilinoi ta kafa sabuwar dokar sa ido a kan makabartu, wadda ta tanadi ba da lasisi ga masu gudanar da su, ta kuma samar da rumbun bayanai na jiha inda ake shigar da kowace binnewa da wurin da aka yi ta. Wani ɗan majalisar wakilai daga Shikago, Bobby Rush, ya gabatar da ƙudurin da zai faɗaɗa ƙa'idar hukumar FTC ta hau kan makabartu, amma ƙudurin bai zama doka ba.

Kada kuma a ɗauka ƙofar ƙarar gayya a buɗe take ga kowa. Matsala ta farko ita ce yawancin yaudarar da baki ake yin ta, a falon mai saye, tsakaninsa da ɗan talla. Kamfani yakan ce wa alƙali abin da aka faɗa wa wannan daban yake da abin da aka faɗa wa wancan, don haka a saurari kowa shi kaɗai, kuma sau da yawa wannan hujja takan karɓu. Ƙarar da ke tsayawa da ƙafarta ita ce wadda ta dogara a kan rubutu guda da aka ba kowa, ko kuma gaskiya guda da aka ɓoye wa kowa. Matsala ta biyu ta fi wannan girma. A shekarar 2011 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin waya na AT&T Mobility da wasu ma'aurata masu suna Concepcion, ta yanke hukuncin cewa kamfani na iya rubuta sharaɗi a yarjejeniya cewa duk wata taƙaddama sai dai a kai ta gaban mai sasantawa a wajen kotu, kowa shi kaɗai, ba a gayya ba. Tun daga lokacin irin wannan sharaɗi ya bazu a takardun ciniki iri-iri, ta yadda mutum kan sarayar da 'yancinsa na shiga ƙarar gayya a ranar da ya sa hannu, ba tare da ya ankara ba.

Wannan ne ya ƙara wa aikin hukumomin gwamnati muhimmanci, domin su sharaɗin da mai saye ya sa wa hannu bai ɗaure su ba. A ƙarshen shekarar 2019 babban lauyan gwamnatin Kalifoniya tare da wasu lauyoyin gundumomi suka kai ƙarar Neptune Society, wani reshe na SCI mai sayar da hidimar ƙona gawa da ake biya tun kafin mutuwa. Dabarar da aka zarge su da ita ta nuna yadda ake zagaye asusun amana ba tare da an fasa shi ba: doka ta ce kuɗin hidimar da ba a riga an yi ba a ajiye shi a asusu, amma kuɗin kayan da aka miƙa nan take kamfani na iya riƙewa, sai aka riƙa kumbura farashin 'yan kayayyakin da ake ba mai saye, ana rage na hidimar, jimillar kuɗin tana nan yadda take amma abin da ke shiga asusu ya ragu ainun. A shekarar 2024 aka yi sulhu, kamfanin ya amince ya biya tarar Dala miliyan 23 tare da mayar wa waɗanda abin ya shafa haƙƙinsu. Ƙona gawa ɗin nan ma wani nauyi ne a kan makabartun ƙasar, domin yanzu fiye da kashi 60 cikin 100 na mamatan Amurka ƙona su ake yi, cinikin kaburbura ya ja baya, abin da ke shiga asusun kulawa shi ma ya ja baya, alhali faɗin harabar da za a kula da ita bai ragu ba.

A wajenmu, alhamdu lillahi, ba a san sayar wa mamaci makwanci ba a garuruwa da ƙauyukanmu, jama'ar unguwa ne ke haɗuwa su yi wa ɗan'uwansu sutura, masu haƙa kabari kuma da yawansu don Allah suke yi. Amma akwai inda maganar ta taɓo mu. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na shekarar 1999 ya ɗora kafa makabartu da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi, don haka duk abin da ya samu makabarta, shugaban ƙaramar hukuma da jami'ansa na lafiya da na filaye ne za a fara tambaya. Tuni kuma makabartu masu zaman kansu da ke sayar da kaburbura suka kafu a birnin Legas, kuma dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye da cusa masa sharuɗɗan zalunci a kowace irin haja ko hidima. Haka nan 'yan'uwanmu mazauna Amurka, waɗanda kan haɗa kuɗi ta hannun masallatansu su sayi wani sashe a makabartar kamfani domin binne Musulmi, irin waɗannan takardu suke sa wa hannu, kuma ya kamata kwamitocinsu su nemi a rubuta musu ƙarara abin da kuɗin kulawa ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba, da sunan bankin da ke riƙe da asusun.

A nan gida kuwa, kuɗin da kwamitocin makabarta ke tarawa a masallatan Juma'a da wajen masu hannu da shuni domin katanga da rijiyar burtsatse da itace da tukwane da alawus ɗin masu gadi, shi ma kuɗin amana ne ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Muna ganin ya kamata ƙaramar hukuma ta tabbatar kowane irin wannan kwamiti yana da asusun banki da sunan makabartar, ba da sunan mutum ɗaya ba, da masu sa hannu aƙalla biyu, kuma a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita sau ɗaya a shekara a gaban mai unguwa ko dagaci da limami. Sashen filaye ya auna iyakar kowace makabarta ya ajiye taswirarta a sakatariya, tun kafin gari ya cim mata masu gine-gine su fara ɗan gutsura daga gefe. Littafin rajista kuma, mai ɗauke da sunan mamaci da ranar binnewa da layin da kabarinsa yake, a yi shi kwafi biyu, ɗaya a hannun mai kula da makabarta, ɗaya a ofishin sashen lafiya na ƙaramar hukuma.